Ƙanena ya rasu a tsare a Jidda, an ce mu zo mu sa hannu

Barista, an kama ƙanena saboda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare. Bayan kwana 11 aka kira mu wai zuciyarsa ce ta tsaya, alhali lafiyarsa ƙalau ya bar gida. Yanzu an miƙo mana takardu mu sa hannu mu karɓi gawa. Ya za mu yi?

Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Na san dangi na matsa miki a yi masa sutura da wuri, kuma gaskiyarsu ce, haka addini ya koyar. Amma ku ɗan dakata da sa hannun nan. Ku sami wanda ya iya Larabcin takarda ya karanta muku kowane layi, domin takardar karɓar gawa daban take da ta tanazul, wadda ke nufin kun yafe haƙƙinku. Larabcin kasuwar Bab Sharif ba zai wadatar a nan ba.

Kafin a binne shi, ku nemi likitan shari'a ya duba gawar, a rubuta musabbabin mutuwa. Wannan ne ginshiƙin komai. In an riga an rufe shi, sauran shari'ar ta koma maganarku da ta waɗanda suka tsare shi.

Hukumar da za ku kai wa ƙorafi ita ce Niyaba Amma, masu gabatar da ƙara. Doka ta ɗora musu sa ido a kan gidajen yari da wuraren tsare mutane, kuma tun 2017 kai tsaye suke ƙarƙashin Sarki, ba ma'aikatar cikin gida ba. Ku rubuta ƙorafin, ku karɓi lambarsa. Ku aika kwafi ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam, ita ma tana da ikon shiga kurkuku. Dokar ƙasar nan ta hana azabtar da wanda aka kama, kuma Saudiyya ta shiga yarjejeniyar hana azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1997.

Idan ɗan Najeriya ne, ku je ƙaramin ofishin jakadanci da ke Jidda yau ɗin nan. Yarjejeniyar Biyena ta 1963 ta wajabta a sanar da su mutuwar ɗan ƙasarsu. A ganina, wasiƙarsu kan sa fayil ya motsa fiye da zaryar dangi.

Maganar diyya sai bincike ya nuna hannun wani ko sakaci. Diyyar namiji musulmi riyal 300,000 ce a kisan kuskure. In kuwa hukuma za ku tuhuma da sakaci, kamar hana shi magani, ƙarar neman diyya Diwanul Mazalim ake kai ta, wato kotun da ke sauraron ƙarar hukumomin gwamnati. Kowace hanya kuka bi, sai kun fito da takardar tantance magada, sannan magadan su ba mutum ɗaya wakala.

In ke ma takardunki ba su cika ba, kada ki je da kanki. Ku wakilta ɗan'uwa mai iƙama ko lauya mai lasisi. Ki kuma rubuta sunayen waɗanda aka tsare tare da shi da lambobin danginsu tun yanzu, kafin a yi musu tarhil, wato a mayar da su ƙasashensu, su watse.