Kafin a kai ga rubuta manhaja

Malama, kin tambaya ko ki fara koya wa ɗalibanki na babbar sakandare rubuta manhaja, alhali kwamfutocinku kaɗan ne kuma intanet ba ta tsayawa. Ni dai ina ganin a ɗan jinkirta.

Yaron da ya ƙware wajen latsa waya ba lallai ne ya iya kwamfuta ba. Da yawansu in sun adana fayil, ba su san inda ya shiga ba. Ki fara daga nan: buga rubutu da yatsu goma, sa wa fayil suna, tura imel haɗe da takarda.

Daga nan sai manhajar jera alƙaluma da lissafi, wato Excel, ko kuma LibreOffice Calc, wanda kyauta ne kuma yana aiki ba intanet. Nan ne zan so ki daɗe. Ki ba su alƙaluman darasin lissafi ko labarin ƙasa su shigar da kansu, su fitar da matsakaici, su canja lamba ɗaya su ga yadda sakamakon ya sauya. Wannan tunanin ne dai ake buƙata a rubuta manhaja. Su zauna biyu-biyu, amma a riƙa musanya, in ba haka ba mai rawar kai ne zai mamaye madannai.

Manhajar Kiwix tana ba da damar karanta Wikipedia ba tare da intanet ba, sai ki koya musu duba majiyar kowane bayani kafin su yarda.

Scratch, kayan koya wa yara rubuta manhaja da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, ya isa mafari a zango na gaba. Daga baya sai ki koya musu harshen rubuta manhaja na Python.