Amsa kan man magniziyam da ɗaurewar ƙafa cikin dare

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ka ce ya haura sittin, har yanzu yana fita gona a can wajen Ringim, kuma kusan kullum cikin dare sha-raɓarsa takan ɗaure har ya farka yana salati. Kana tambaya ko ka saya masa man shafawar nan na magniziyam da ake ta tallarsa a waya, ga shi kuma da tsada. Na ga wasu sun ce ka saya kawai, wasu sun ce cuta ce. Ni na shafa shi a jikina, kuma na yi shekaru ina aiki a ɗakin shan magani na ƙauye kafin in koma noman shinkafa a fadamar Auyo. Ka yi haƙuri da tsawon bayanin, maganar dattijo ce, ba a yi mata gaggawa.

In fatar Baba lafiya take, man ba zai cutar da shi ba, zai ma iya jin daɗinsa. Amma kada ka sa rai shi ne zai raba shi da wannan ciwo.

Ɗan ƙanwata da ke aiki a Kano ne ya kawo mini shi lokacin dashe. Duk wanda ya taɓa dashen shinkafa ya san abin da nake nufi: ka wuni a sunkuye, taɓo har ƙwauri, da dare kuma cinya da sha-raɓa su ce ba su san zancen ba. Iri biyu ya kawo. Na fesawa, wanda suke kira mai, ba mai ba ne ko kaɗan, gishirin magniziyam ne aka narkar a ruwa, za ka ga an rubuta magnesium chloride a jikin kwalbar. In ka fesa sai ka ji santsi a hannu, can bayan 'yan mintoci sai ƙaiƙayi da ɗan raɗaɗi, in ya bushe ya bar fari-fari a fata. Inda ganyen shinkafa ya yanke ni, da faso na diddige, nan kam zafi yake sosai. Ɗayan kuma an haɗa shi da mai na gaske, ya fi sauƙi a fata.

Gaskiya duk daren da na zauna na mulke ƙafafuna da shi da kyau, nakan samu barci fiye da daren da na faɗa shimfiɗa haka nan. Da ya ƙare sai na ci gaba da man kaɗanya, ina mulkawa kamar yadda na saba, daga agara zuwa bayan gwiwa, ina danna tsokar da babban yatsa. Ban ga bambanci ba. Sauƙin da nake samu yana nan yadda yake. A nan na fahimci tausar ce take aiki, da zaman da mutum yake yi ya kula da ƙafarsa kafin ya kwanta.

Kuma hakan ya yi daidai da yadda Allah ya yi fata. Aikinta shi ne ta tare abin da ke waje. Da tana shan duk abin da ya taɓa ta, da mu masu wuni cikin ruwan fadama mun daɗe da kumbura. Gishirin da aka narkar a ruwa ba ya ratsa ta cikin sauƙi, sai ɗan abin da ba a rasa ba ta kafofin gashi da na gumi. Wasu masana a Jamus sun bi diddigin binciken da aka yi kan wannan a 2017, suka ce babu gamsasshiyar hujjar cewa shafawa tana kai magniziyam cikin jiki yadda masu talla suke faɗa. Ƙungiyar Cochrane ma, wadda aikinta shi ne tattara sakamakon gwaje-gwajen magani ta tace su, ta fitar da rahoto a 2020 cewa ko ƙwayar magniziyam da ake haɗiya da wuya ta rage wa tsofaffi ɗaurewar ƙafa. Ga masu juna biyu kuma sakamakon ya saɓa wa juna. To in wanda aka haɗiya bai yi wani abin kirki ba, ina ga wanda aka shafa a waje?

Kada ka ɗauka ina raina magniziyam. Jikin babban mutum yana ɗauke da kimanin giram 25, fiye da rabi a cikin ƙashi, kuma tsoka da jijiya da bugun zuciya duk suna bukatarsa. Allurarsa ce ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta a asibiti, na ga matan da ta ceto da idona. Namiji babba yana bukatar miligiram 400 zuwa 420 a rana, mace 310 zuwa 320. Hanyar da jiki ya san yana karɓarsa ita ce ta baki, kuma a nan ne abin yake damuna, domin mu a Jigawa muna zaune a kansa. Giram 100 na riɗi yana da kusan miligiram 350. Gyaɗa tana da wajen rabin haka. Akwai shi a wake, da gero da dawa, da 'ya'yan kabewa, da ganye irin su zogale da alayyahu. Riɗin nan da ake lodawa a kasuwar Maigatari ana fita da shi ƙasashen waje, gidaje da yawa da suka noma shi ba sa ajiye ko kwano biyu don miya.

Ka lura da abin da Baba yake ci. Dattawa da yawa in haƙori ya yi rauni sai su koma koko da shayi da burodi, sai farar shinkafa. Shi kuma hatsi, yawancin magniziyam ɗinsa a dusa yake, duk yadda aka tsananta surfe haka ake rage shi. A riƙa yi masa miyar riɗi ko ta gyaɗa, kunun gyaɗa da safe, faten wake, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli dakakke, fura mai kyau. In kantu ya yi masa tauri a daka masa riɗin a zuba a kunu. Ko bai hana ɗaurewar ƙafa ba, jikinsa zai amfana, kuma kuɗin kwalba ɗaya zai sayi riɗi mai yawa.

Sai abin da za a yi in ta kama shi. Kada ya naɗe ƙafar, ko da yake abin da jiki yake so ke nan. Ya miƙe ta, ya kama yatsun ya jawo su sama wajen ƙwauri, ya riƙe har tsokar ta saki. In hannunsa ba ya kaiwa, ya rataya rawani ko zani a tafin ƙafar ya ja, ko wanda ke kusa ya tura masa. In zai iya tashi, ya taka a kan diddige. Bayan ta saki a gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi, domin wurin yakan wuni yana tsami. Kafin kwanciya kuma, bayan Isha, ya fuskanci bango ya dafa shi da hannu biyu, ya mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe, ya karkata gaba har ya ji sha-raɓar ta ja. Ya riƙe kamar rabin minti, ya sauya ƙafa, ya maimaita sau uku. An gwada irin wannan a Holan a 2012 kan mutum 80 da suka haura shekara 55, cikin mako shida ɗaurewar ta ragu ga waɗanda suka riƙa yi. Wannan ba ya cin ko sisi, abin da yake bukata shi ne a dage, kuma dattijo ya fi dagewa in jikansa yana yi tare da shi.

Ruwa ma ka kula. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan haura digiri 40, mutum ya yi ta gumi a gona, kuma na san tsofaffi da yawa da suke ƙin shan ruwa da yamma don gudun tashi fitsari. Ya sha sosai da safe da rana. In fitsarinsa ya yi ja, ruwan bai isa ba. Na ga wani ya ba ka shawarar jiƙa masa kanwa. Don Allah kada a yi. Kanwa gishiri ce mai nauyi, tana tayar da hawan jini, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kununta da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Ba abin ba dattijo ba ne kullum.

Yanzu ga abin da ya fi man muhimmanci a wurina, shi ya sa ma na zauna rubutun nan. Ɗaurewar ƙafa kullum ga mutum mai shekarun Baba wani lokaci alama ce ta wani abu daban. Yana shan maganin hawan jini? Akwai masu sa yawan fitsari, irin su Lasix da Moduretic, suna iya dagula gishirin jiki su kawo wannan. Kada ya daina sha da kansa, a gaya wa likitan da ya rubuta ya duba. Maganin gyambon ciki omeprazole, in an daɗe ana sha, shi ma yana rage magniziyam. Tafin ƙafarsa yana zafi ko yana mutuwa, yana yawan ƙishi da fitsarin dare? A auna sukari. Fuskarsa takan kumbura da safe, ko ƙafafunsa da yamma, ko fitsarinsa yana kumfa? A auna ƙoda, kuma kada a ɓata lokaci. Mu da ke yankin Haɗeja har zuwa Gashuwa mun san yadda ciwon ƙoda ya cinye mana mutane. Ƙoda ce take fitar da rarar magniziyam daga jiki, saboda haka mai raunin ƙoda bai kamata a ba shi ƙwayarsa ba, ko farin ruwan maganin ƙwannafi da ake kira Mist Mag, sai da izinin likita. In ya taru a jini yakan kawo kasala, numfashi ya yi rauni, zuciya ta rikice.

Haka nan ka bincika ko yana shan haɗin maganin gajiya na kemis. Manoma da yawa ba sa kwanciya sai sun haɗiyi diclofenac ko ibuprofen, wasu har biyun tare, kullum, a kan jikin da ya bushe da ƙishi. Wannan hanya ce miƙaƙƙiya zuwa gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Tiramol kuwa ba sai na faɗa ba, kowa ya ga abin da ya yi wa samarinmu 'yan ƙwadago. In wani ya ce a ba shi kwinin, shi ma a'a. Da can ana bayarwa don ɗaurewar ƙafa, amma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2010 saboda yana iya taɓa jini da bugun zuciya.

Abu biyu kuma ba na tausa ba ne sam. In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo ko ba ta ɗaure ba, wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, kuma mulkawa tana iya tura gudan zuwa huhu. A kai shi asibiti a ranar. In kuma ciwon yana zuwa ne idan ya yi tafiya, ya tsaya ya huta ya lafa, ya ci gaba ya dawo, to hanyoyin jinin ƙafar ne suke tsukewa, wannan ma na likita ne.

In bayan duk wannan ranka yana son saya masa, ba laifi, na san yadda ɗa yake ji in ya ga mahaifinsa yana shan wahala. Ka ɗauki wanda aka haɗa da mai na gaske, ba na fesawa ba, tunda fatar tsoho ba ta da ƙwari. Ka duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. A fara gwada ɗan kaɗan a hannu a kwana a gani. Kada a sa a kan rauni ko faso, a wanke hannu kafin a taɓa ido, a ajiye inda yara ba za su kai ba. In yana da ciwon sukari a yi hattara da ruwan gashi, domin ƙafar da ta mutu ba ta jin zafi, sai ta ƙone bai sani ba.

Amma da ni ne, kuɗin zan fara kai shi babban asibitin Ringim da su, a auna jini da sukari da ƙoda. Ka ɗauko ledar magungunansa gaba ɗaya, har da na gargajiya da waɗanda yake saya da kansa, ka tafi da su ka nuna wa likita. In ka ga dama ka rubuto mini sunayensu da sakamakon awon, mu duba tare. Ka gaishe da Baba da jiki.