Shafin Lafiyarmu: Shan kafso saboda ƙurajen fuska

Saƙonnin wannan makon kusan duk kan abu ɗaya suka taru, ƙurajen fuska da kafson da ake sha dominsu, sai na zaɓi uku. Kamar kullum an sakaya suna.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce shekarata 19 daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Jahun, an sa bikina bayan girbi saura kamar wata biyu kuma wlh fuskata duk ta lalace da ƙuraje ƙanana ƙanana, goshi da kumatu ga baƙin tabo. Naje kemis ɗin garinmu ya bani Ampiclox na sha kati biyu ba canji, ya koma ya bani ja da yalo, ƙawata tace in dinga fasa kafson ina zuba garin a man da nake shafawa, man haɗi ne mai gyaran amare ta haɗa min, da farko fuskar tayi haske tayi sumul daga baya abin ya dawo har yafi na da. Innata tace dattin jini ne da cin gyaɗa. Yanzu kuma ance in sayi doksi shine ƙarshen magana. Anti in sha ko kar in sha?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin lafiya. Kar ki sayi doksin nan, wato doksisaikilin, kafson antibayotik mai yaƙar ƙwayoyin cuta na bakteriya. Ni duk cikin saƙonki abinda ya fi tsaya min a rai ba kafson bane, man haɗin ne. Yawancin irin waɗannan haɗe haɗen da ke sa fuska tayi haske cikin sati ɗaya biyu akwai sitiroyid a ciki, irin sinadarin da ke cikin Dermovate da Betnovate da Funbact-A da Skineal, magunguna ne na wasu cututtukan fata da ake shafawa na ɗan lokaci, ba man kwalliya bane. In aka ɗora su a fuska kullum da farko suna kwantar da komai, mutum yace ya dace, daga baya fatar tayi siriri, jijiyoyi su fito, wata har gashi ya tsiro mata, sai kuma ƙuraje ƙanana masu kama ɗaya su feso kamar an watsa gero. Yadda kika kwatanta naki haka yake kama. Irin wannan ko kwali guda na kafso kika shanye indai kina ci gaba da shafa man to ba inda zasu je.

Ampiclox kuma dama ba maganin ƙurajen fuska bane, kuɗinki kawai aka ci. Ja da yalo shine tetirasaikilin, shi kam ɗan gidansu doksi ne kuma ana amfani dashi, amma ba ta hanyar fasa shi a zuba a mai ba, kuma ba na kwana biyar ba.

Maganar dattin jini, ki faɗawa Inna cikin ladabi jininki lafiyarsa ƙalau. Abin a fata yake. Kowace ƙofar gashi a fuska tana da 'yar jakar maiƙo a ƙarƙashinta, idan mutum ya balaga sinadaran jiki sai su sa maiƙon ya ƙaru, matacciyar fata ta haɗu dashi su toshe ƙofar, akwai kuma wata ƙwayar bakteriya da ke zaune a fatar kowa har wanda fuskarsa take sumul, ita kuma sai ta samu wurin zama ta hayayyafa, wurin ya kumbura yayi ja yayi ruwa. Antibayotik na sha aikinsa rage wannan ƙwayar da kwantar da kumburin, baya buɗe ƙofar da ta toshe kuma baya rage maiƙo, shi yasa likita baya bada shi sai ƙurajen sun zama manya masu zafi, ko sun bazu har baya da ƙirji, ko sun fara barin rami a fuska. Gyaɗa kuwa an daɗe ana ɗora mata laifi amma bincike bai kama ta da hujja ba, abinda aka fi samun alaƙa dashi shine yawan shan zaƙi, lemon kwalba da kayan fulawa, sai madara a wajen wasu mutane.

Ga kuma babban dalilin da yasa nace kar ki sha. Doksi idan za'a sha don ƙuraje wata uku ake yi, ke kuma saura wata biyu ki tare, kinga kenan zaki shiga ɗakinki kina kan magani, ciki kuma baya sallama. Doksi da ja da yalo duk ba'a baiwa mai ciki, suna shiga ƙashi da haƙoran jariri, yaro ya taso haƙoransa sun rine kuma ba irin rinin da asuwaki ke fitarwa bane, saboda haka ne ma ba'a baiwa yaran da basu kai shekara 8 ba. In ta kama dole sai mai ciki ta sha wani abu akwai wani antibayotik mai suna eritiromaisin, shima likita ne zai yanke.

Abinda zaki yi yanzu, ki ajiye man haɗin, amma ki sani satin farko da na biyu fuskar na iya yin bore tayi ja tayi ƙaiƙayi, anan ne mata da yawa suke karaya su koma, in kin daɗe kina shafawa gara ki ɗauki robar man ki tafi babban asibiti a nuna miki yadda zaki janye a hankali. Ki nemi benzoyil feroksayid mai kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari a famasi mai rajista, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki fara da shafa kaɗan dare ɗaya ki tsallake ɗaya don yana busar da fata, kuma yana cinye launin kaya, kar ki kwanta akan filon lefe ko ki goge fuska da sabon hijabi. Wanke fuska sau biyu a rana ya isa, da hannu ba da soso ba. Lemon tsami da makilin da toka duk ki rabu dasu, man kitso mai nauyi kar ya dinga gangarowa goshi. Matsa ƙurji kuma shine ke barin baƙin tabon nan da ke daɗewa watanni a irin fatarmu. Bazan ce miki ranar kamu fuska zata koma kamar ta jariri ba, amma sati 6 zuwa 8 ana ganin bambanci sosai, ragowar kuma hoda zata rufa asiri.

TAMBAYA: Salam Anti barka da aiki. Ni saurayi ne manomi daga wajen Sumaila, nawa manya ne masu zafi har gadon baya, naje babban asibiti likita ya rubuta min doksi 100mg kullum ɗaya da wani man shafawa amma man yayi tsada ban saya ba. Ina sha da daddare in zan kwanta, yanzu sati uku banga wani canji ba sai ma ƙirjina da ke zafi kamar abu ya maƙale in zan haɗiyi abinci. Abokaina sunce in bar wahalar da kaina aure ne maganinsa.

AMSA: Ƙanena kai kam kayi daidai da kaje asibiti, kuma irin naka ne ake rubutawa doksi. Matsalar yadda kake sha ne. Wannan zafin ƙirjin na san shi, kafson ne yake tsayawa a hanyar abinci ya narke a wurin ya ƙona ta, kuma hakan na faruwa ne idan aka haɗiye shi da ɗan kurɓin ruwa ko da miyau kawai aka bi lafiyar katifa. Ka dakata da shi ka koma wajen likitan ka faɗa masa, musamman tunda har haɗiya tana maka wuya. In yace ka ci gaba, to da cikakken kofin ruwa zaka sha, kana zaune ko a tsaye, bayan ka ci abinci don kar ya tayar maka da zuciya, kuma kar ka kishingiɗa sai an yi aƙalla minti 30, ni nafi son ma mutum ya maida shi na safe bayan karin kumallo a huta.

Baka faɗa ba amma nasan manomi da fura da nono, to ka raba su da maganin da kamar awa 2 zuwa 3, haka maganin ƙarin jini da farin maganin olsa na ruwa, sinadaran da ke cikinsu suna kama maganin a cikin hanji su hana shi shiga jiki, ja da yalo ma yafi doksi wannan matsalar nesa ba kusa ba. Sannan yana sa fata ta kasa jure rana, mu baƙaƙe abin bai cika tsanani ba amma wanda zai wuni a gona yana yankan dawa ya saka malafa da riga mai dogon hannu. In kaji ciwon kai mai tsanani wanda baka saba ba tare da gani dishi dishi ko bibbiyu, ko jiki ya feso da ƙuraje baki ya kumbura, ka ajiye shi ka nufi asibiti ranar.

Sati uku yayi wuri ka yanke hukunci, sai an kai sati 6 zuwa 8. Amma man nan da ka bari a kanti shine rabin maganin, kai har yafi rabi, don kafson na ɗan lokaci ne za'a tsayar dashi, man shine zai riƙe fuskar bayan nan, kuma in benzoyil feroksayid ne yana hana ƙwayar cutar sabawa da kafson. Ka tambayi mai famasi ko akwai na wani kamfanin mai sauƙin kuɗi, sau da yawa akwai. Su kuma abokanka kace musu masu mata huɗu ma suna zuwa asibiti da ƙuraje, shekaru ne ke rage abin ba ɗaurin aure ba, amma in ka samu hali kayi auren mu sha biki.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Matar aure ce ni daga wani ƙauye kusa da Gwaram, haihuwata biyu. Wata bakwai kenan ina sayen doksi da kaina, in ina sha ƙurajen haɓata su kwanta in na bari su dawo. Yanzu kuma sanyi ya dameni, ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri, na sha Flagyl da sifro ba sauƙi. Al'adata ma sai tayi wata biyu uku bata zo ba.

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa, sannu da fama. Wata bakwai yayi yawa. Ƙa'idar da likitocin fata na Amurka suke bi wata 3 zuwa 4 ne, a Ingila kuma ana duba mutum bayan sati 12 kuma ba'a son a wuce wata 6. Tunda al'adarki tana tsallake kuma kina da miji, abu na farko gobe da safe kiyi gwajin ciki, kar ki ƙara haɗiyar ko ɗaya kafin nan.

Wannan da kike kira sanyi alamunsa sunfi kama da kandida, wato fangas, kuma maganin da kike sha ne ya buɗe masa ƙofa, don antibayotik baya tantance ƙwayar cuta da ƙwayoyin kirki masu gadin gaban mace, in ya kashe su sai fangas ya samu fili. To kinga ƙara Flagyl da sifro akai, tunda suma antibayotik ne, ƙara rura abin ne. Maganinsa daban ne, irin su kulotirimazol na matsi, amma a duba ki tukunna a tabbatar.

Akwai kuma abinda ya shafe mu duka ba ke kaɗai ba. Duk sanda aka daɗe ana shan antibayotik ƙwayoyin cuta suna koyon yadda zasu kauce masa, wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a yankinmu na Afirka ta Yamma ne yafi ko ina. Doksin nan da ake sha kamar alawa saboda fuska yana cikin magungunan da ake baiwa babba idan amai da gudawa na kwalara yayi tsanani, mu da muke ganin ɓarkewarta da damina a Jigawa da Kano bai kamata mu ƙarar da ƙarfinsa a banza ba.

Naki kuma ina zargin tushensa ba ƙwayar cuta bane ma. Ƙuraje a haɓa da muƙamuƙi ga mace babba, ga al'ada na wasa, in har akwai gashi a gemu ko ƙiba da ta zo haka kawai, to ana duba matsalar sinadaran jiki da ke taɓa ƙwan mace, ana yin hoton ciki da gwajin jini. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku da robar da ake sakawa a hannu suma suna tayarwa wasu mata da ƙuraje, in kina kan ɗaya ki faɗa. Irin wannan akwai magungunan da ke gyara sinadaran kansu kuma sunfi kafso amfani. Wata zata ce miki ki nemi wani kafso mai suna aisotiretinoyin, eh yana aiki sosai akan ƙuraje masu taurin kai, amma yana nakasa jariri a ciki mummunar nakasa kuma haɗa shi da doksi haɗari ne ga ƙwaƙwalwa, ba abinda za'a aiko miki daga Kano a leda bane, sai a hannun likitan fata.

Daga Gwaram, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tafi miki kusa, in abin yafi ƙarfinsu zasu tura ki Rasheed Shekoni a Dutse ko asibitin Malam Aminu Kano. Ki tafi da duk kwalayen da katunan maganin da kika sha har wanda ya ƙare, da man da kike shafawa, ki kuma tuna watan da kika ga al'adarki ta ƙarshe don shine farkon abinda za'a tambaye ki.