Fanka Ba Ta Hayaniya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, fankar kwamfutata tana hayaniya. Wace kalma zan faɗa wa mai gyara ya gane matsalar?

Amsa: Ɗan'uwa, tun farko dai fanka ba ta hayaniya. Hayaniya ta mutane ce, sai bakuna sun haɗu kowa na faɗin tasa. Daga Turanci aka kwaso wannan salon, ya kama bakin matasa har da wasu masu karanta labarai, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Hausa ba ta yi talaucin kalmomin sauti ba. Muna da ƙara, amo, diri, ƙugi, gurnani, rugugi, kowacce da muhallinta, amma sai a tattara su a jefa cikin kalma ɗaya, wadda ma ba tata ba ce. Injin ma cewa muke yana kuka, shi ya sa bakanike ke ce maka tada motar ya ji kukanta.

To ka saurari taka. Idan diri take yi, sauti mai kauri wanda ba ya yankewa, lafiyarta ƙalau, gudu ne ya yi mata yawa. Zafi ya taru a ciki, galibi saboda ƙura ta toshe kafofin iska, ita kuma na'urar tana ƙara wa fanka gudu gwargwadon zafin da ta ji. Idan gurnani ne, musamman da zarar ka kunna, ya lafa bayan 'yan mintoci, to boris ne, wato abin da farfelar ke juyawa a kansa, ya fara ci, man cikinsa ya bushe. Idan kuwa ƙas-ƙas kake ji a jere, duba da kyau, waya ce take taɓa farfela, sai ka janye ta ka ɗaure. Idan akwatin ne duka ke kyarma, ƙila kusoshi sun saki ko farfela ɗaya ta karye. Kwamfutar tebur takan ɗauki fanka fiye da ɗaya, don haka ka ɗan danna tsakiyar kowacce da yatsa na daƙiƙa ɗaya, wadda kukan ya tsaya a kanta ita ce mai laifin.

Tambaya: Fanka Hausa ce ko aro?

Amsa: Aro ce. Asalinta Hindi, inda suke cewa pankha, ta iso mana ta bakin Turawan Ingila. Tamu ta gado ita ce mafici.

Tambaya: Malam, "garin neman gira a rasa ido" ake cewa ko "garin gyaran gira"? Ƙanena ya buɗe kwamfutarsa don ya share ƙura, sai yayanmu ya jefa masa wannan karin maganar.

Amsa: Malama, "neman gira" shi na fi ji a bakin manya, kuma shi nake zaɓa. Yayanku ya sa ta a muhallinta, don a wannan aikin ana rasa idon. Wanda zai hura wa fanka iska mai ƙarfi, ya cire wuta tukuna, ya riƙe farfelar kada ta juya, saboda gudun da ya wuce kima yana lalata boris. Ɓangaren da ke raba wa kwamfuta wuta kuwa kada ya buɗe shi sam, yana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket. Sai dai kada a mayar da karin maganar hujjar ƙin taɓa komai. Ɗigon man keken ɗinki a ƙarƙashin takardar da ke manne a bayan fankar yakan kwantar da gurnani na wani lokaci. In ya dawo, a sayi sabuwa mai girma ɗaya da tsohuwar, ko milimita 80 ce ko 120.

Tambaya: "Ruwa ba ya tsami banza" ya dace da fankar da ta fara kuka ba zato?

Amsa: Ya dace. Kuma "banza" ake cewa kai tsaye kamar yadda ka faɗa, ba "a banza" ba.