Tambaya da Amsa: Fara Bandar Nama a Gida

Wasiƙun wannan watan sun karkata wuri guda, wato ƙyafe nama da hayaƙi a gida. Na zaɓi biyar daga ciki. Duk digirin da zan ambata na ma'aunin Salshiyas ne.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na daɗe ina sha'awar naman da ake bari awa da awanni cikin hayaƙi har ya yi laushi. Na ga murhunan da ake sayarwa don wannan aiki, manya-manya masu bututu. Dole sai na sayi irinsu kafin in fara? (Wani magidanci)

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Abin da aikin yake buƙata shi ne mazubi mai murfi, da ragar ɗora nama, da ƙofar iska biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. In kana da murhun gashi mai murfi, ka riga ka mallaki abin aiki. In babu, rabin duro da murfinsa ya wadatar, muddin abinci aka taɓa zubawa a cikinsa. Duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko fenti ko maganin ƙwari, kada ka ce za ka wanke shi, bar shi inda ka gan shi. Haka ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin kwanon rufi, in ya sha wuta yana fitar da tururi mai cutarwa.

Bambancin wannan aiki da gashi shi ne nama ba ya zama a kan wuta. Ka tara gawayi a gefe guda, nama a ɗaya gefen, ka sa kwanon ruwa a ƙarƙashin naman. Kwanon yana tare kitsen da ke ɗiga, ruwan kuma yana hana zafi yin tsalle-tsalle. Ƙofar iska ta sama ta kasance a saitin naman, domin hayaƙi ya ratsa ta kansa kafin ya fita. Zafin da ake nema a ciki digiri 107 zuwa 121 ne. In ka ga 225 ko 250 a girke-girken mutanen Amurka a intanet, da Farenhait suke lissafi, zafin ɗaya ne.

In za ka kashe kuɗi, ka kashe a kan ma'aunin zafi, kuma guda biyu: ɗaya na auna iskar da ke daidai da raga, ɗaya mai tsinke na sokawa cikin nama. Wanda ake maƙalawa a jikin murfi ban cika yarda da shi ba, zafin can sama yake faɗa, nama kuwa a ƙasa yake. Kafin ka amince da kowane, tsoma shi cikin kofin ruwa mai cike da ƙanƙara. In bai nuna sifiri ko dab da shi ba, ka san da wanda kake zaune.

Riƙon wuta shi ne sana'ar gaba ɗaya. Jera gawayin da ba a kunna ba a dogon layi, ka zuba garwashi kaɗan a baki ɗaya, wuta ta riƙa cin layin sannu a hankali. Kada kananzir ko fetur ya kusanci gawayin, warinsa sai ya bi naman har faranti. Ƙofar sama a bar ta a buɗe, da ta ƙasa ake juya zafi: ka buɗe ya hau, ka rage ya sauka. In ka taɓa ta, jira kamar minti 15 kafin ka sake taɓawa, don wuta ba ta amsawa nan take. Sabon shiga yakan rufe, ya buɗe, ya sake rufewa cikin minti biyar, daga baya ya ce murhun ne ba shi da kyau. Ka kuma rage leƙe, kowace ɗaga murfi zafi ne ya tafi.

A waje ake wannan aiki, a fili. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba a ganinta, ba a jin warinta, kuma tana kisa. Ko ana ruwan sama kada ka ja murhun cikin ɗaki ko gareji.

Shawarata ta fari ita ce cinyoyin kaza. Suna da kitse, ba sa saurin bushewa, kuma cikin awa biyu ko ƙasa da haka an gama. Sai dai fatar kaza a ƙaramin zafi tana yin danƙo, saboda haka ita kan so a ɗaga wuta zuwa 150 ko 160. In hannunka ya faɗa, ka koma kafaɗar rago ko haƙarƙarin sa. Ƙirjin sa ka bar shi sai ka ƙware, shi ne mafi gardama a cikinsu. Ga gishiri, giram 10 ga kowane kilo na nama, a barbaɗa tun daren jiya a sa a firji. Masoro da tafarnuwa sun isa a karon farko, don ka ji abin da hayaƙin kansa ya yi.

Tambaya: Malam, na gwada sau ɗaya, naman ya fito baƙi ƙirin, ga ɗaci, har harshe yana yin wani iri kamar an sha magani. Alhali na cika murhun da hayaƙi sosai, na ma jiƙa itacen kamar yadda aka ce mini. Ina na kuskure? (Wata uwargida)

Amsa: Hajiya, amsar tana cikin wasiƙarki, a wajen “na cika murhun da hayaƙi sosai”. Hayaƙi iri biyu ne. Akwai fari mai kauri, ko mai duhu-duhu, wanda yake fitowa in itace yana cin wuta ba tare da isasshiyar iska ba. Shi ne yake ajiye wa nama wani abu mai kama da kwalta, ga ɗaci ga dasashe harshe. Akwai kuma siriri mai shuɗi-shuɗi, wanda sai kin ƙura ido za ki gan shi. Wannan ake nema. Gwaji mai sauƙi: kawo hanci kusa da ƙofar sama. In ƙamshi kika ji, to madalla. In ya sa ki hawaye da tari, abin da naman yake sha ke nan.

Saboda haka in kin kunna wuta, ki bari farin hayaƙin farko ya wuce kafin ki ɗora nama. Gawayi ne zai ba ki zafi, itace ɗanɗano kawai yake kawowa, gunduwa biyu ko uku masu girman dunƙulen hannu sun isa. Nama ya fi kama hayaƙi a awannin farko, lokacin da yake da sanyi da danshi a jiki. Bayan awa uku ko huɗu ni ba na ƙara itace.

Jiƙa itace kuwa, ni ban ga amfaninsa ba. Ruwa ba ya shiga cikin busasshen itace sai ɗan sama-sama, abin da kike gani yana tashi da farko tururi ne, kuma yana sanyaya garwashi ya jawo ainihin hayaƙin da muke gudu.

Itacen ya zama busasshe mai tauri, wanda ya yi wata shida ko fiye da sarewa. Na itatuwan marmari kamar tuffa, lemo da gwaba hayaƙinsu mai sauƙi ne, ya dace da kaza da kifi. Ki guji ɗanye, da mai ƙaro ko farin ruwa a jiki, da wanda ya yi fumfuna. Ragowar katakon gini, da filawud, da duk abin da aka yi wa fenti ko maganin gara, ba su da wuri a nan. Itacen da ba ki san sunan bishiyarsa ba ma ki ƙyale shi, akwai masu dafi a cikin shuke-shuken ado.

Tambaya: Baba, na ɗora kafaɗar rago, zafin cikinta ya hau har 68, sai ya tsaya cak kusan awa biyu. Na zaci ma'aunin ne ya lalace, na sauke. Ya dahu, amma tauri kamar me. (Wani matashi)

Amsa: Ɗana, ma'auninka lafiyarsa ƙalau, kai ne ka sauka kafin a iso tasha. Wannan tsayawar kowa yana gamuwa da ita a babban yanka, galibi tsakanin digiri 65 da 75. Ruwan jikin naman ne yake fitowa sama yana bushewa, bushewar kuma tana sanyaya shi, kamar yadda gumi yake sanyaya jikin mutum. Zafin da ke shiga da wanda ke fita sai su yi kunnen doki, har ruwan saman ya ragu, sannan allura ta ci gaba da hawa.

Abin da ya kamata ka gane shi ne, dahuwa daban, laushi daban. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ce gundumen naman sa ko na rago ya zama lafiyayyen ci in cikinsa ya kai 63 aka bar shi ya huta minti uku, niƙaƙƙen nama 71, kaza 74. To amma kafaɗa da ƙirji da haƙarƙari gaɓoɓi ne da dabba take aiki da su kullum, cike suke da jijiya. Sinadarin jijiyar, kolajin, sai ya daɗe a zafi sama da 70 yake narkewa ya koma romo mai kauri a tsakanin tsoka. Shi ya sa irin wannan nama ake kai shi 90 zuwa 95. A 68 ka sami naman da ya riga ya zubar da ruwansa amma jijiyarsa ba ta narke ba, wato mafi munin wurin tsayawa. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, kafaɗar rago dai ba ta kai nan ba, awa shida zuwa takwas take nema gwargwadon girmanta.

In lokaci ya ƙure maka, da zarar bayan naman ya yi duhu ya kama jiki, naɗe shi tsaf da takardar alminiyam ka mayar. Ruwa ba zai sami hanyar bushewa ba, tsayawar sai ta gajarta. Mutanen jihar Tekzas ta Amurka, inda ƙirjin sa ya zama abin alfahari, sun daɗe suna wannan dabara. Farashinta shi ne ɓawon bayan zai yi taushi. Ni na fi son ɓawo mai ƙarfi, don haka in ba baƙi ke jira ba, barinsa nake yi a buɗe.

Lamba jagora ce kawai. Soka tsinken ma'aunin a wurare biyu ko uku, in ya shige ba turjiya, an gama. Sannan ka naɗe shi ka bar shi ya huta aƙalla minti 30, awa guda ta fi, kuma in za ka yanka, ka gitta wa zaren tsokar.

Tambaya: Malam, kazata ta fito da ja-ja a ƙarƙashin fata, maigida ya ce ɗanya ce, ya ƙi ci. (Wata amarya)

Amsa: Amarya, ki gaishe da maigida, ki ce masa in ma'auni ya nuna 74 a wuri mafi kauri, ba tare da tsinken ya taɓa ƙashi ba, kaza ta dahu. Jan da ke gefe-gefe aikin iskar da wuta ke fitarwa ne: tana haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launinsa, sai launin ya kafu, zafi ba ya sauya shi. Ki lura, daga waje yake farawa ya shiga ciki kaɗan, ɗanyen nama kuwa a tsakiya jansa yake. Ba ya ƙara daɗi, ba ya ragewa.

Tambaya: Malam, tunda hayaƙi yana hana nama lalacewa, zan iya ajiye wanda na yi a kwano in riƙa ci har mako biyu? Kuma na ji ana yin wata banda da hayaƙi mai sanyi, ina so in gwada. (Wani ɗalibi)

Amsa: Samari, a nan ne nake so ka saurare ni da kyau. Naman da ake ajiyewa ya daɗe ba firji, bushewa da gishiri mai yawa ne suke tsare shi, hayaƙi taimako kawai yake yi. Wanda muke magana a kansa, mai laushi mai ruwa a jiki, dafaffen nama ne kamar kowane. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 4 da 60. Ya shiga firji cikin awa biyu da saukewa, ko awa ɗaya in zafin gari ya haura 32. A firji kwana uku zuwa huɗu, a firiza wata biyu zuwa uku kafin daɗinsa ya fara raguwa. Saboda wannan dalilin kuma ba a ɗora daskararren nama a murhun hayaƙi. Sai ya saki gaba ɗaya a cikin firji, in ba haka ba tsakiyarsa za ta daɗe a wancan zangon mai haɗari.

Hayaƙi mai sanyi ana yinsa ƙasa da digiri 30, nama ba ya dahuwa sam, kuma yana iya ɗaukar kwanaki. Ɗumi, ga danshi, ga ƙarancin iska: yanayin da ƙwayar da ke haddasa cutar botulizim take so ke nan, kuma dafinta yana shanye jiki har numfashi ya tsaya. Don hana wannan ƙwayar, masu yinsa suna amfani da gishiri na musamman mai kashi 6.25 cikin ɗari na sodiyam naitirait, giram 2.5 ga kilo, a sikeli mai auna giram, don shi ma in ya yi yawa guba ne. Ba aikin cokali da ƙiyasi ba ne, kuma ban yarda sabon shiga ya fara daga nan ba. In garinku yana da zafi ma, riƙe murhu ƙasa da 30 da rana ba zai yiwu ba.

Batun “in riƙa ci” kullum shi ma akwai magana. A 2015 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama, har da wanda aka ƙyafe, cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar hanji, ta ce cin giram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 18 cikin ɗari. Ni ban daina ci ba, amma abincin lokaci-lokaci ne a gidana. Abin da ke hannunka shi ne hana kitse ɗiga kan garwashi, don hayaƙin ƙonannen kitse yana ɗauke da sinadarai masu illa, da kankare duk inda ya ƙone ƙurmus kafin a ci. Wanda ya kwana a firji kuma, a ɗumama shi har cikinsa ya kai 74, da ɗan ruwa a rufe don kada ya bushe.