Yawon Bahar Rum a Watan Agusta: Abin Zubawa a Akwati da Abin Bari a Gida

Wasiƙar wannan makon daga wata Hajiya ce a Kaduna. Ita da maigidanta za su yi kwana bakwai cikin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a watan Agusta. Za su tashi daga tashar da ke kusa da birnin Rum a Italiya, su tsaya a Napoli, su gangara tsibirin Santorini da birnin Atina a ƙasar Girka. Ta ce ɗinkuna sun kammala, akwati ne ya ƙi rufuwa. Tambayoyinta na da yawa, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tambaya: Alhaji ya dage sai ya tafi da shaddodinsa. Zan iya saka ɗan ƙaramin dutsen guga da wayar ƙarin soket a akwati?

Amsa: Hajiya, ki ciro su tun a gida. Kamfanonin waɗannan jiragen sun haramta dutsen guga, galibinsu har da mai tururi, domin ba abin da ma'aikatan jirgin ruwa ke tsoro kamar gobara. Ana haska akwatuna da na'ura a tasha, in an gani a riƙe, sai ranar sauka a mayar miki. Wayar ƙarin soket ma haka, musamman mai kariya daga hawan wuta, saboda tsarin lantarkin jirgi ya bambanta da na gida.

A cikin jirgin akwai masu wanki da guga, amma da kuɗi, kuma ba na jin sun san yadda ake lallaɓa shadda mai sitaci. Ki bar wa Alhaji guda ɗaya, a goge ta a Kaduna, a ninke cikin leda, don daren da ake cin ado wajen liyafar dare. Sauran su zama yadi marar nauyi na auduga ko lilin, mai hasken launi. Ke kuma atamfa da dogayen riguna marasa shafi sun fi leshi mai duwatsu, wanda shi kaɗai zai cinye miki kaso mai tsoka na kilo 23 da yawancin jiragen sama ke ba kowace jaka. Shigarmu ma riba ce a can: babbar majami'ar Batikan ba ta barin mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ko gwiwa ya shiga, za ki ga Turawa na neman ƙyallen yafawa a bakin ƙofa, ke kuwa ki wuce abinki da mayafinki. Takalmi ne kawai zan ja kunnenki a kai. Duwatsun hawa Akrofolis, tsaunin nan mai tsofaffin gine-ginen tarihi a Atina, sun sha taku har sun yi santsi, silifas ba zai yi ba.

Batun caji kuma, soket ɗin ɗakunan jirgin yawanci iri biyu ne: na Amurka mai wuta 110, da na Turai mai rami biyu zagayayyu. Cajar Najeriya mai ƙafa uku ba za ta shiga ko ɗaya ba. Mutanen Maraɗi da Damagaram ba su da wannan matsalar, soket ɗinsu irin na Turai ne. Ki sayi adafta biyu da kan caja ɗaya mai ramukan USB uku ko huɗu. Ki duba jikinsa, in an rubuta 100 zuwa 240, ko'ina zai yi aiki.

Tambaya: Fawa bank ɗina babba ne. A wace jaka zan saka shi?

Amsa: A jakar hannu, ba a akwatin da za a auna a tura ƙarƙashin jirgin sama ba. Na taɓa mantawa da nawa a cikin akwati, ina zaune ina shan shayi na ji ana kiran sunana a lasifika. Aka sa na buɗe kayana a gaban jama'a, har da kilishin da na ɓoye a ƙasa. Ban sake ba.

Iyakar ƙarfin batirin da aka sani jiragen sama na yarda da shi ita ce 100Wh. Lissafin ba wuya: ki ninka adadin mAh da aka rubuta a jikinsa da 3.7, ki raba da 1,000. Mai 20,000 zai ba ki 74, ya wuce lafiya. Mai 30,000 ya kai 111, sai da izinin kamfanin jirgin sama. Matsalar kayan kasuwarmu ita ce rubutun ƙarya. Za ki ga ɗan ƙaramin abu an liƙa masa 50,000 alhali bai kai rabi ba, jami'in tsaro kuwa da abin da aka rubuta yake aiki. Wanda rubutunsa ya goge ma ana iya ƙwace shi. An ƙara tsanantawa tun bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairun 2025, wadda bincike ya alaƙanta da fawa bank. Emirates, misali, ya hana amfani da shi a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025: za ki riƙe abinki, amma ba za ki jona ba. In ya fara kumbura, kada ma ya bar Kaduna.

Tambaya: Layina zai yi aiki a kan teku? Ina son in riƙa kiran yara.

Amsa: Zai yi, kuma nan ne ramin yake. Wannan ce tambayar da ta fi duk sauran tsada.

Idan jirgi ya yi nisa da gaɓa, wajen mil 12 na teku, sabis ɗin tudu kan ɓace, sai jirgin ya kunna nasa da ke bi ta tauraron ɗan'adam. A saman allon waya za ki ga wani baƙon suna, irin su Cellular at Sea ko Telenor Maritime. Wayar ba za ta nemi izininki ba, kamawa kawai za ta yi. Farashinsa ba ya cikin tsarin amfani da layi a ƙasar waje (roaming) da kika saya don Italiya ko Girka, kansa daban ne, kuma ya ninka na tudu nesa ba kusa ba. Kina barci, WhatsApp na sauke bidiyoyin bikin da aka turo a zauren dangi, hotunan da kika ɗauka da rana suna hawa ma'ajiyar Google. Mai layin kati zai wayi gari asusu wayam. Mai layin biyan wata shi ne abin tausayi, don sai ya dawo gida takarda za ta iske shi.

Maganin bai fi daƙiƙa biyar ba. Kafin jirgi ya bar tasha ki taɓa alamar nan ta jirgin sama a wayarki, mai katse sabis, sannan ki kunna Wi-Fi shi kaɗai. Manhajar kamfanin, wadda ke nuna jadawalin abinci da lokutan sauka, tana aiki a kansa kyauta. Intanet ɗin kiran yara kuwa saye ake yi, yawanci kowace na'ura da kuɗinta, kuma ya fi sauƙi in an biya kafin ranar tafiya. Tun da manyan kamfanoni suka fara komawa intanet ɗin tauraron ɗan'adam na Starlink a 2022, kiran bidiyo ya daina zama wahala.

A tudu kuma, ki sayi eSIM, wato layin da ake girkawa a waya ba tare da kati ba, na yankin Turai wanda ya haɗa Italiya da Girka, ki girka shi tun kina gida. Don sanin ko wayarki na ɗauka, danna *#06#. In kin ga lamba mai suna EID, tana ɗauka. iPhone daga XS zuwa sama suna da shi, yawancin Tecno da Infinix babu, sai a sayi layi a can. Lambarki ta WhatsApp ba za ta canja ba. Layin gida ki bar shi a waya saboda saƙon banki, amma ki kashe masa data. Ki kuma sauke taswirar Rum, Napoli da Atina a Google Maps kafin tafiya, GPS ba ya buƙatar data.

Tambaya: An ce zafin can yana kashe waya. Mu da muka saba da zafin Afrilu?

Amsa: Mu mun saba, batiri bai saba ba. Apple ya ce a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a Agustan 2021 an auna 48.8 a tsibirin Sisili na Italiya, kuma a Yulin 2023 sai da hukumomin Girka suka riƙa rufe Akrofolis da tsakar rana. A gida ba ma yini a rana muna ɗaukar bidiyo, allo a ƙure da haske, taswira a kunne, fawa bank a jone. Waɗannan huɗun in suka haɗu, wayar za ta dushe, ta daina caji, wani lokaci ta rufe kanta. In ta yi zafi ki cire mata riga, ki ajiye ta a inuwa. Kada ki saka ta a firjin ɗaki, raɓa za ta taru a cikinta.

Ruwan teku ma ki kiyaye. Alamar IP68, mai nuna waya na jure ruwa, da ruwan daɗi aka gwada ta, gishiri cin ramin caji yake yi. 'Yar jakar leda mai igiyar ratayawa ta wadatar. In wayar ta jiƙe, kada a binne ta cikin shinkafa, a bar shinkafa a tukunya, a ajiye wayar inda iska ke kaɗawa, kada a jona caja sai ta bushe sarai.

Tambaya: Yaya za mu yi da lokacin salla da alƙibla?

Amsa: Bari in fara da agogo, don shi ke sa a bar mutum a tasha. A watan Agusta Italiya na gaban Najeriya da awa ɗaya, Girka da awa biyu. Jirgi na da nasa lokacin da kyaftin ke sanarwa, kuma ba lalle ya yi daidai da abin da wayarki ta zaɓar wa kanta ba. Ki kashe saitin lokaci na kai-tsaye, ki daidaita da hannu, ko Alhaji ya ɗaura agogon hannu. Kafin ku sauka, ki ɗauki hoton allon da ke bakin ƙofa mai nuna lokacin dawowa. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, jirgi ba ya jiransa.

Manhajar salla za ta ba ku lokaci daidai muddin ta san inda kuke, don haka ku fita sarari ta kama GPS. Kamfas ɗin waya ne ba abin dogaro ba a cikin ɗaki, domin da maganaɗisun ƙasa yake aiki, jirgin kuwa ƙarfe ne tun daga ƙasa har sama. Za ki ga kibiyar na rawa kamar ta sha wani abu. A yawancin jirage akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgin ya dosa. Daga Italiya da Girka alƙibla na kudu maso gabas, sai ku kwatanta da hancin jirgin ku shimfiɗa darduma. Hukuncin abin da za a yi in jirgi ya juya ana tsakiyar salla kuwa, wannan Alhaji ya tambayi malaminsa kafin ku tashi.