Me ya haɗa Amurkawa faɗa da Ingila alhali tsatsonsu ɗaya?

Tambaya: Malam, ana cewa Amurka ta ƙwaci 'yancinta daga Ingila a 1776. To ai waɗanda suka kafa ta daga Ingilar suka fito, harshensu ɗaya. Me ya raba su har aka zub da jini? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara cire irin mulkin mallakar da muka sani a nan, inda Turawa ƙalilan suka zo suka mulki jama'ar da suka tarar. A can ƙaura suka yi, suka ture 'yan asalin ƙasar suka zauna. Rigimar 1776 ta 'yan gida ɗaya ce, kuma a ganina tushenta shi ne an bar mutane suna gudanar da al'amuransu shekara 150, sannan rana tsaka aka ce za a ja musu linzami.

A 1607 wani kamfanin 'yan kasuwar Landan, Virginia Company, ya sauke mutum ɗari da 'yan kai a Jamestown da ke Virginia, suna kwaɗayin zinariya. Zinariya ba su gan ta ba, sai yunwa da zazzaɓi. A hunturun 1609 zuwa 1610 sun cinye dawakansu da karnuka da ɓeraye, har fatar takalmi suka dafa, kuma mutum kimanin 60 ne suka tsira. Taba ce ta cece su, bayan John Rolfe ya fara nomanta a 1612. Ita kuwa taba gona take so da hannaye. Gonar aka ƙwato daga mutanen Powhatan, 'yan asalin wurin, hannayen kuma daga baya suka zama na bayi. A 1619 aka sauke 'yan Afirka 20 da 'yan kai a Virginia, kuma a shekarar ce majalisar wakilai ta farko ta zauna a Jamestown. Ka lura da wannan haɗuwar, domin 'yanci da bauta tare suka taso a ƙasar.

Can arewa kuma masu gudun takurawar cocin Ingila ne suka sauka a Plymouth a 1620 cikin jirgin Mayflower. Zuwa 1733 yankunan da 'yan Ingila suka kafa sun kai 13. Sarki yakan naɗa gwamna a yawancinsu, amma majalisar yanki ce ke yanka haraji, a wurare da dama ma ita ke biyan gwamnan albashi. Gwamnan da abincinsa ke hannun majalisa kuwa ba ya cika ɗaga murya.

Yaƙi da Faransa ne ya dagula lissafi. An fara shi a Amurka a 1754, aka ƙare a 1763, Ingila ta karɓe Kanada amma bashin da ke kanta ya kusan ninkawa. Landan ta ce tunda don kare ku aka yi, sai ku sa hannu a aljihu. Ta kuma hana su ƙetare duwatsun Appalachia zuwa yamma don gudun sabon faɗa da 'yan asalin ƙasar, abin da ya ƙona ran masu neman filaye, ciki har da George Washington. Wani abin da ba a cika faɗa ba: da aka kori Faransa, tsoron da ya sa suke lafewa jikin Ingila ya gushe.

Daga nan sai dokoki suka biyo juna. Ta 1765 ta ce kowace jarida da takardar kotu, har da katin caca, sai an manna mata shaidar biyan haraji. Jama'a suka ƙaurace wa kayan Ingila, aka soke ta a 1766. A 1767 aka dawo da haraji kan gilashi da takarda da fenti da shayi. A Maris 1770 sojoji suka harbe mutum 5 a Boston.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba. Mutumin Ingila ya fi na Amurka biyan haraji nesa ba kusa ba, dokar shayi ta 1773 ma rage farashinsa ta yi. Duk da haka a daren 16 ga Disamba aka zubar da akwati 342 na shayi a tashar jiragen ruwa ta Boston. Hujjarsu ita ce ba su da wakili ko ɗaya a majalisar Landan, don haka ba ta da hurumin taɓa dukiyarsu, kuma in suka yarda da kwabo yau, gobe fam za a nema. Ingila ta rufe tashar, wakilan yankuna suka taru a Philadelphia a 1774, aka fara musayar wuta a Lexington ranar 19 ga Afrilu 1775, aka shelanta 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776.

Kada ka ɗauka kowa ya bi. Da yawa sun tsaya bayan Sarki George na Uku. Bayi kuwa, waɗanda su ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutum miliyan 2 da rabi, dubbai sun gudu wajen sojan Ingila da ya yi musu alkawarin 'yanci. Thomas Jefferson da ya rubuta a takardar shelar 'yanci cewa an halicci mutane daidai, shi kansa mai bayi ne. Kuma ba don Faransa ta shigo da kuɗi da jiragen yaƙi a 1778 ba, da wuya a ci sojan Ingila da yaƙi a garin Yorktown a 1781. A yarjejeniyar Paris ta 1783 Ingila ta sallama ƙasar har zuwa kogin Mississippi, ba tare da an gayyaci ko mutum ɗaya daga ƙabilun da ke zaune a kanta ba.